NHGIS: rumbun ƙidayar Amurka tun 1790, da inda yake jefa mai lissafi cikin kuskure

Mai son sanin yadda yawan jama'a ya hau ko ya sauka a wata gunduma ta Amurka cikin shekara ɗari biyu da ɗoriya, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya bi kundayen da hukumar ƙidayar ƙasar ta buga ɗaya bayan ɗaya, waɗanda hotunansu suke intanet yanzu, yana kwafar lambobi da hannu, ko ya shiga NHGIS ya sauko da su a shirye. NHGIS shafin intanet ne na tsoffin alƙaluman ƙidaya da taswirori, reshe ne kuma na IPUMS, cibiyar adana alƙaluman jama'a ta Jami'ar Minnesota. Ba a biyan ko sisi, rajista kawai ake yi da imel. A kan gundumomi babu na biyunsa cikin na kyauta. A kan garuruwa kafin 1970 yana da rauni. Babban jadawalinsa na yawan jama'a kuwa, shi ne ya fi saurin ɓatar da wanda bai san tarihin iyakoki ba.

Amurka tana ƙidaya duk bayan shekara goma tun 1790, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, ƙidaya 24 ke nan zuwa 2020. Ta farkon ta samu mutum 3,929,214, ta ƙarshen 331,449,281. NHGIS ya tara jimillolin dukansu a matakin jiha da na gunduma, ya haɗa da taswirar iyakoki ta kowace shekarar ƙidaya. Gunduma a can ita ce matakin da ke ƙasa da jiha, kusan matsayin ƙaramar hukuma a Najeriya, kuma a 2020 akwai 3,143 idan aka haɗa da masu matsayi irin nata. Ban da yawan mutane akwai shekaru, jinsi, wurin haihuwa, gonaki, masana'antu, har da ƙidayar majami'u da ake yi a da.

Sunan mutum ko ɗaya babu a ciki. Mai neman kakanninsa ba nan zai zo ba, sai FamilySearch ko Ancestry ko ma'adanar tarihi ta ƙasar. Doka ta hana fitar da takardun da ke ɗauke da sunaye sai sun cika shekara 72, shi ya sa na 1950 suka fito a 1 ga Afrilu 2022, na 1960 kuma sai 2032. Takardun sunaye na 1890 yawancinsu sun salwanta sanadin gobarar da aka yi a ginin ma'aikatar ciniki a Washington cikin Janairu 1921, amma da yake an riga an buga jimillolin tun kafin gobarar, 1890 tana nan daram a NHGIS.

Saukar da bayanai ba shi da wuya idan an san hanyar. Ka danna Get Data, sai matatai huɗu su bayyana: matakin yanki, shekaru, maudu'i, da tarin bayanai. Ka zaɓi County a matakin yanki, ka zaɓi yawan jama'a a maudu'i. Sakamakon zai fito kashi uku: jadawalai na asali na kowace ƙidaya, jadawalai masu jera shekaru, da fayilolin taswira. A kashi na biyu ka nemi A00, shi ne yawan jama'a daga 1790 zuwa 2020. Ka danna alamar ƙari da ke gefensa ya shiga kwandonka, ka danna Continue har ka isa shafin ƙarshe. A nan akwai zaɓi biyu da bai kamata a wuce su da gudu ba. Na farko tsarin fayil: ka ɗauki CSV, wato rubutu mai waƙafi da Excel ke buɗewa, ka kuma nemi a saka layin bayani a samansa, in ba haka ba kanun da za ka gani lambobi ne zalla. Na biyu yadda shekaru za su zauna: idan a Excel za ka yi aiki, ka sa kowace shekara ta samu layinta na tsaye, idan a manhajojin lissafi irin su R ko Stata ne, ka sa su sauko a kwance, shekara ɗaya layi ɗaya. Bayan ka aika, imel zai zo cewa kayanka sun haɗu. Ƙaramin jadawali irin wannan ba ya jimawa. Fayil ɗin ba ya zama a shafin har abada, amma buƙatar tana nan a tarihin asusunka, kana iya sake aika ta ko ka gyara ta.

Abin da zai sauko zip ne mai fayil biyu. Idan wannan ce buƙatarka ta farko, sunan babban zai zama nhgis0001_ts_nominal_county.csv, ɗayan kuma ɗan littafin bayani ne da ke fassara kanun. Kada a jefar da shi. Idan ka buɗe babban, gurbin farko na kowane layi yana ɗauke da wata lamba mai suna GISJOIN. Ta gundumar Cook, inda Chicago take, ita ce G1700310: harafin G, sai 17 lambar jihar Illinois, sai sifili, sai 031 lambar gundumar, sai wani sifilin. Wannan G ɗin dabara ce mai kyau. Lambobin hukuma na jihohi irin su Alabama da Connecticut da sifili suke farawa, 01 da 09, Excel kuma yana ganin sifili a gaba sai ya share shi, daga nan haɗa jadawali biyu ya gagara. Da harafi a gaba dole ya ɗauki lambar a matsayin rubutu ya bar ta yadda take. Can dama kuma za ka ga A00AA1790, A00AA1800, haka har A00AA2020.

Guraben da ke fanko suna da yawa, musamman a shekarun farko, kuma fanko ba sifili ba ne. Ma'anarsa babu gundumar a lissafin wannan shekarar. Cook sai 1831 aka ƙirƙiro ta, don haka lambarta ta farko a 1840 take. Wanda ya cike guraben da sifili don jadawali ya yi kyaun gani, ya lalata duk wani matsakaici da zai fitar.

Inda jadawalin ya fi amfani shi ne gundumar da iyakarta ba ta yi wani motsi ba. Ɗauki McDowell a West Virginia, ƙasar haƙar kwal. A 1900 mutum 18,747 ne. A 1920 sun kai 68,571, a 1950 suka kai ƙololuwa, 98,887. Daga nan injuna suka fara maye gurbin lebura a mahaƙa, aka fara watsewa: 71,359 a 1960, 50,666 a 1970, ta ɗan tsaya a 49,899 a 1980 lokacin da kwal ya yi kasuwa, sannan ta ci gaba da zubewa zuwa 35,233 a 1990 da 19,111 a 2020. Raguwar kashi 81 cikin ɗari ke nan a shekara 70, kimanin kashi 2.3 duk shekara idan aka yi lissafin da ke ɗora kowace shekara kan ta baya. Wannan labarin duka layi ɗaya ne a fayil ɗin, kuma fitar da shi daga kundaye goma sha uku da hannu aikin yini ne. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ko ita ma McDowell tana da ɗan tarkonta: a ƙidayar 1860 cikin Virginia take, domin West Virginia sai 1863 ta zama jiha, saboda haka wanda ya tace jadawalin 1860 da sunan West Virginia ba zai ga komai ba.

Ga inda gizo ke saƙa. A00 yana haɗa shekaru ne da suna da lamba, bai damu da ko ƙasar da sunan ya rufe ta canja ba. Shafin bai ɓoye wannan ba, ya faɗa a bayaninsa, sai dai fayil ɗin kansa ba ya ɗauke da wata alama a gurbin da iyaka ta motsa. Duba gundumar New York. A 1910 mutum 2,762,522, a 1920 kuma 2,284,103. Mai karanta layin kai tsaye zai rubuta cewa mutum 478,419 sun bar tsakiyar birnin cikin shekara goma, ya shiga neman dalili a yaƙin duniya ko annobar 1918. Abin da ya faru shi ne, a 1914 an yanke Bronx daga gundumar an mai da ita gunduma mai zaman kanta. A 1910 Manhattan tana da 2,331,542, Bronx 430,980, su biyun ne suka ba da waccan jimillar. Raguwar Manhattan ta gaskiya 47,439 ce kacal. Idan kuma ka haɗa Bronx ta 1920, mai mutum 732,016, sai ka ga wannan fili ɗin ƙaruwa ma ya yi, da mutum 253,597. An auna hatsi da tiya a bara, an auna da mudu a bana, sannan ana kukan rumbu ya ragu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai aiki da alƙaluman Najeriya. Lardin Kano na ƙidayar 1963 ya haɗa da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, don haka duk mai kwatanta shi da Jihar Kano ta 2006 sai ya mayar da Jigawa ciki kafin ya ce uffan. Bambancin shi ne a Amurka irin wannan yanka ya faru sau ba adadi, musamman a yamma cikin ƙarni na 19, inda gunduma ɗaya kan haifi biyar ko goma.

Maganin yana cikin shafin, amma kai za ka haɗa shi. Ka sauko da taswirar gundumomi ta shekarun biyu da kake kwatantawa, ka buɗe su a QGIS, manhajar taswira wadda ita ma kyauta ce, ka ɗora ɗaya kan ɗaya. Kowace gunduma tana da faɗinta a rubuce da murabba'in mita, ka raba da miliyan ɗaya ka samu murabba'in kilomita. Idan faɗin ya bambanta sosai tsakanin shekarun biyu, an taɓa iyaka. Abin yi sai ka haɗe duk gundumomin da abin ya shafa su zama yanki ɗaya a duka shekarun, kamar yadda aka haɗa Manhattan da Bronx a sama. Wasu shekarun suna da taswira iri biyu, mai tushen 2000 da mai tushen 2008. Ka ɗauki iri ɗaya a duka shekarun, in ba haka ba layukan ba za su hau kan juna daidai ba, ka ɗauka iyaka ce ta motsa alhali zane ne ya bambanta. Wajen haɗa jadawali da taswira, GISJOIN za ka yi amfani da shi, kuma ka shigo da CSV ta ƙofar shigo da rubutu mai waƙafi. Idan ka jawo shi ka jefa kawai, QGIS na iya ɗaukar lambobin a matsayin rubutu, ya ƙi yi maka launi da su. Don sanin ranar da aka yi canjin da dokar da ta kawo shi, ɗakin karatu na Newberry a Chicago yana da taswirar tarihin iyakokin gundumomi a intanet, kuma ta fi NHGIS a wannan fannin domin tana bin canji rana da rana, ba sai shekarar ƙidaya ba.

Akwai jadawalai da NHGIS ya daidaita da kansa, ya mayar da komai kan iyakokin 2010. CL8 shi ne na yawan jama'a. Aiki ne mai kyau, amma daga 1990 zuwa 2020 kawai ya rufe. Lambobin da ba na 2010 ba ƙiyasi ne da aka gina daga ƙananan yankuna, shi ya sa za ka iya ganin mutum da ɗigo, kuma kowace lamba tana zuwa da wasu biyu a gefenta, mai ƙarewa da L da mai ƙarewa da U, wato mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za ta iya zama. Idan tazarar da ke tsakanin su biyun ta fi canjin da kake son nunawa, ba ka da abin nunawa. Ga mai binciken ƙarni na 19, inda iyakoki suka fi motsi, wannan jadawalin ba shi da abin da zai ba shi, kuma wannan ne babban giɓin shafin.

Kada a haɗa jadawali da suna. Gundumomi masu suna Washington sun kai talatin. St. Louis kuwa layi biyu take da shi a jiha ɗaya, domin birnin ya rabu da gundumarsa tun 1876. Birnin ya sauko daga 856,796 a 1950 zuwa 301,578 a 2020, gundumar ta hau daga 406,349 zuwa 1,004,125. Haɗa su ka ga 1,263,145 da 1,305,703: yawan mutanen yankin bai ragu ba, daga cikin gari aka koma bayan gari. VLOOKUP, umarnin haɗa jadawali a Excel, layin farko mai sunan da ya ci karo da shi yake ɗauka ya yi shiru. Lambobin ma sukan canja: Dade ta Florida ta koma Miami-Dade a 1997 da sabuwar lamba, Shannon ta South Dakota ta koma Oglala Lakota a 2015. Connecticut kuma daga 2022 hukumar ƙidaya ta daina amfani da gundumominta takwas ta koma yankunan tsare-tsare tara, don haka alƙaluman bayan nan ba sa hawa kan na ƙidayar 2020.

Batun garuruwa shi ne inda shafin ya gaza. Jadawalan garuruwa daga 1970 suke farawa. Mai son ganin Chicago ta tashi daga 4,470 a 1840 zuwa 1,099,850 a 1890, ko Detroit a ƙololuwarta ta 1,849,568 a 1950 kafin ta sauko zuwa 639,111 a 2020, sai ya leƙa waje. Ga manyan birane akwai jerin da Campbell Gibson ya haɗa wa hukumar ƙidaya a 1998, na birane ɗari mafi girma a kowace ƙidaya daga 1790 zuwa 1990. Ga ƙaramin gari kuwa ba makawa sai tsoffin kundayen. Iyakar gari ma ta fi ta gunduma rawa. Jacksonville tana da 201,030 a 1960, ta koma 528,865 a 1970, ba don haihuwa ko baƙi ba, sai don ta haɗe da gundumar Duval a 1968. Indianapolis ta yi irin haka a 1970. Ƙananan yankunan ƙidaya na cikin birni suna nan tun 1910, amma a 'yan birane ƙalilan, ba su game ƙasar ba sai 1990.

Sauran matsalolin na ƙidayar ce kanta, NHGIS ya gaje su ne, sai dai da ya saka gargaɗi a jikin jadawalin da ya kyauta. Ranar ƙidaya ta sha canjawa: 1 ga Yuni daga 1830 zuwa 1900, 15 ga Afrilu a 1910, 1 ga Janairu a 1920, sannan 1 ga Afrilu daga 1930. Tsakanin 1910 da 1920 shekara tara da wata takwas da rabi ne, tsakanin 1920 da 1930 kuma shekara goma da wata uku. Wanda ya raba duka da goma ya rage wa na farko sauri ya ƙara wa na biyu. Ƙidayar tsakiyar hunturu kuma ta tarar da leburorin gona da yawa ba sa gonakin. Daga 1950 aka koma ƙirga ɗaliban jami'a a garin da suke karatu maimakon gidan iyayensu, shi ya sa gundumomi masu manyan jami'o'i suka yi tsalle a wannan shekarar. Fursuna ana ƙirga shi a inda kurkukun yake, don haka ƙaramar gundumar karkara da ta yi ƙiba dare ɗaya, a fara tambaya ko an gina mata gidan yari.

Jimillar kafin 1870 ta haɗa da bayi, waɗanda suka kai 3,953,760 a 1860, kuma akwai jadawalai da suka ware su gunduma gunduma. 'Yan asalin ƙasar da ke zaune a yankunan ƙabilunsu kuwa ba a saka su cikin lissafin gama-gari ba kafin 1890, don haka filin da taswirar 1860 ta nuna fayau ba lallai babu kowa a cikinsa ba. Ƙidayar 1870 ta tsallake mutane da yawa a kudu bayan yaƙin basasa, abin da ya sa haɓakar 1870 zuwa 1880 take fitowa fiye da gaskiyarta. A 2020 kuma hukumar ta cusa 'yar hargitsi da gangan cikin lambobin ƙananan yankuna don kare sirrin mutane. Jimillar jiha daidai take, ta babbar gunduma kusan ba ta motsa ba, amma a ƙauyen mutum ɗari biyu bambancin mutum biyar ba hujja ba ce.

Ta fuskar sauƙin amfani, shafin na kwamfuta ne. A waya jadawalan suna da faɗi, alamomin ƙanana, kuma komai da Turanci yake. Ba ya nuna maka lambar a allo kafin ka sauko, ba ya kuma ba ka gunduma ɗaya tilo, sai ka kwaso jerin ka tace da kanka. Mai son lamba ɗaya don aikin makaranta zai ga an sa shi dogon zagaye. A00 ba ya cin data, layuka dubu kaɗan ne. Taswirori ne masu nauyi, musamman na ƙananan yankuna, gara a sauko da shekarun da ake buƙata kawai. Masu aiki da R suna da ipumsr, masu Python suna da ipumspy, duka biyun suna aika buƙata su karɓo fayil ba tare da an buɗe shafin ba, abin da ke da amfani idan za a maimaita aikin. Sharaɗinsu shi ne a ambace su a duk abin da aka wallafa, kuma yadda ake ambaton yana rubuce a ƙarshen ɗan littafin bayanin.

NHGIS na Amurka ne kaɗai. Ɗan'uwansa IPUMS International shi ke da samfurin ƙidayar wasu ƙasashe, ciki har da Ghana ta 1984 da 2000 da 2010, Kamaru ta 1976 da 1987 da 2005, da Sudan ta 2008. Na Najeriya da ke can ba ƙidaya ba ce, binciken gidaje ne na 2006 zuwa 2010. A IPUMS International rajista kaɗai ba ta isa ba, sai ka rubuta bayanin binciken da za ka yi ka jira a amince maka.